Jigon da Muka Kafa a Maƙerar Kakana

Bana ruwan fari ya yi jinkiri a Isa. Mako uku ke nan hadari yana haɗuwa a gabas bayan la'asar, ya yi baƙi, ya yi gunaguni, sannan iska ta watsa shi kafin magariba. A makarantar da nake koyarwa mun kwashe benci mun koma gindin itace, domin ƙarƙashin kwano ba ya zaunuwa. Shekaranjiya ina komawa gida ta bayan kasuwa, ƙamshin gawayin ƙirya ya tare ni daga wata maƙera, na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai babur ya daka mini tsawa. Irin wannan zafi da irin wannan ƙamshi su ne suka haɗu a bazarar da muka kafa jigo a maƙerar kakana, muka rataya wayar salula a bakinsa.

Shekara takwas ke nan, ko tara. Na fi amincewa da takwas, domin da azumi na lissafa: a waccan shekara a tsakiyar bazara ya faɗo, yanzu kuwa ya ja baya har ya kusa shiga sanyi. Za ni faɗi abin da na gani da idona. Abin da aka gaya mini za ni ce gaya mini aka yi, inda na manta kuma za ni bar gurbin yadda yake.

Ƙauyen kakannina na wajen uwa yana kusa da Tsamaye. A lokacin mutum yakan hau babur daga Sabon Birni ya isa can ba tare da ya tsaya tambayar labarin hanya ba. Na je hutu ne bayan shekarata ta farko a jami'a, da jaka ɗaya da waya mai ɗaukar bidiyo wadda nake ji da ita ƙwarai. Gidan cike yake da mutane, amma uku ne wannan labari ya shafa. Akwai kakana Arzika maƙeri, wanda nake kira Tsoho, shi kuma yana kirana Ɗan boko. Akwai kakata Inna Hajo, wadda ke kirana maigida don ta tsokane shi. Sai Kawu Nomau, yayan mahaifiyata, ɗansu na fari, wanda a lokacin ya haura arba'in.

Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ido ba. Rumbu ya yi ƙasa, har sai Kawu ya zura jikinsa gaba ɗaya kafin hannunsa ya taɓa zangarniya. Irin shuka an ɗaure shi daban an rataye a ɗakin Tsoho, ba mai ko kallon wajen. Fulani sun yi kudu da shanunsu, saboda haka da ruwan tsamiya ake dama fura, tsararo, mutum ya hango gindin ƙwarya tun bai kai rabi ba. Rijiyar unguwa ta ja baya. Mata sukan zura guga su tsaya jira, su jawo rabi, rabin ma da laka.

Ranakun duk kamanninsu ɗaya. A yi sahur da ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, a sha ruwa har ciki ya yi nauyi. Ana sallame asuba sai a hura wutar maƙera, domin aikin wuta da azumi ba ya wuce hantsi. Daga nan zuwa la'asar gari ya yi tsit. Mukan yayyafa wa tabarma ruwa mu kwanta a zaure, kafin mutum ya juya ta bushe. Ƙadangaru ma sukan lafe a inuwar katanga baki buɗe. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri, magana ta zama aiki. Bayan la'asar a tafi sharar gona, a dawo a zauna ana kallon rana kamar an ɗaure ta da igiya. A sha ruwa da kunun tsamiya da kwaɗon zogale, wata rana da dabino ɗaya a raba biyu. Yanzu ina buɗa baki da ruwan ƙanƙara, amma har yau maƙogwarona yana tuna moɗar farko daga randar Inna Hajo, da ɗan ƙamshin ƙasa da ke cikinta.

A irin wannan shekara ba mai neman sabuwar galma. Tsofaffin da bakinsu ya cinye ake kawowa a yi musu sabon baki. Tsoho yakan yanko ƙarfen sifirin mota, ya buge shi ya yi fale-fale, ya ɗora shi a bakin galmar, ya gasa su tare, ya barbaɗa yashi, ya mayar cikin wuta, sannan ya ciro ya yi ta bugu da sauri har ƙarafan biyu su zama ɗaya. Haɗin wuta suke kiran wannan aiki. A yankinmu shi kaɗai ya rage mai yin sa. Sauran maƙera sun koma kai wa mai walda a Sabon Birni, manoma kuwa suna cewa bakin walda da zarar ya ci karo da saiwa sai ya ɓalle. Ni ban gwada ba, faɗarsu ce.

Wahalar aikin tana wurin sanin lokacin cirowa. In an yi gaggawa ƙarafan ba za su kama juna ba, in an yi jinkiri ƙarfen ya ƙone ya zama kamar ƙanzo. Kawu Nomau ya iya gatari, ya iya lauje, ya iya sungumi, amma haɗin wuta ya gagare shi. Shekara kusan talatin yana zaune a bakin zugazugi yana hura wuta yana kallon hannun mahaifinsa, in ya gwada a ɓoye sai ya lalata ƙarfe. Ba shi kuma da hanyar tambaya, domin ɗan fari ne. Tsoho bai taɓa kiran sunansa ba, ba ya yi masa magana kai tsaye, shi ma Kawu ba ya ɗaga ido ya dubi fuskarsa. In akwai saƙo sai a bi ta kan wani. A waccan bazara idon Tsoho ya fara yana, hannunsa yana rawa in ya ajiye guduma, kuma ya riga ya gaya wa Inna Hajo cewa ranar da ruwan shuka ya sauka ya tashi daga maƙera ke nan, ba zai ƙara zama ba. Wato in Kawu bai kama aikin kafin ruwan fari ba, aikin ya fita daga gidan.

Muna dawowa daga sharar gona wata rana Kawu ya rage tafiya har na iso shi.

"Ɗan ƙanwata, wayag ga taka, an ce tana riƙe abu ta maido shi sannu-sannu?"

"Tana yi, Kawu."

"Ko sau goma?"

"Ko sau ɗari, in akwai caji."

Sai da muka wuce gona biyu sannan ya ce, "To ka ɗaukam man hannun Baba. Kak ka ce ni nis sa ka."

Na san abin da ke gabana. Tsoho tun yana saurayi bai yarda da hoto ba, ko katin zaɓe bai taɓa yi ba saboda haka. Na same shi bayan shan ruwa, lokacin da ciki ya ɗauka, na gabatar da buƙatata kamar tawa ce.

"Hoto? Ni?" in ji shi. "Ɗan boko, ka ƙwace man mata ban yi magana ba, yanzu huskata kaka so ka sa aljihu?"

"Ba huska ba, Tsoho. Wa ka son huskag ga? Hannu kaɗai."

Inna Hajo ta amsa daga bakin murhu, "Gaya mai, maigida. Ko ni da nis saba da ita ba kullum nika iya kallonta ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya gyara zama, muryarsa ta sauya.

"Hannu na aiki na, kowa na ganin shi. Ɗauki. Amma in huskata ta shiga, ko gehen gemu na, ka goge dut. Ka yarda?"

"Na yarda."

"Cikin watan azumi kac ce ka yarda."

Da wannan sharaɗi, hanya ɗaya ce ta rage: wayar ta kasance a sama, tana kallon ƙasa sak, daidai kan uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake bugu a kansa. A safiyar farko na jawo turmi na hau, na miƙa hannu a kan Tsoho. Tartsatsi ya babbake mini gashin hannu, abin da na ɗauka kuwa rabinsa hula ce.

"Sauka," in ji shi, "kahin ka hwaɗo man cikin wuta a ce na gasa jika."

Washegari na ɗaure wayar a jikin itacen rufin rumfar maƙerar. Wannan ma bai yi ba. Duk bugun da aka yi sai ƙasa ta amsa, ginshiƙai su amsa, hoton ya yi ta karkarwa kamar ruwa a faranti. Hayaƙi kuma a ƙarƙashin rufi yake taruwa. Ya dusashe idon kyamarar, wayar ta yi zafi ta kashe kanta. Safiya biyu ta tafi a banza, kuma kowane caji sai an aika da wayar zuwa Tsamaye wurin mai janareta. A yammacin ranar ne aka fara ganin walƙiya can ƙasa-ƙasa a gabas.

Kawu ne ya kawo mafita. Ya daɗe yana duban rumfar, sannan ya ce, "Abin ga jigo shika so."

Na san jigo tun ina ƙarami, a lambunan bakin gulbi, kafin injin ban ruwa ya kore shi. Gwafa ce a kafe, da doguwar sanda a gicciye a kanta, guga a baki ɗaya, curin laka a ɗayan, yadda nauyin lakar zai ɗaga ruwan. Kawu ya yi shekaru yana ja kafin ya bar lambu. Dabararsa ita ce a kafa gwafar a wajen rumfa, inda girgizar bugu ba ta kaiwa, sandar ta shigo ta saman kan Tsoho daga bayansa, bakinta ya tsaya a kan uwar maƙera.

Yamma biyu muka yi muna aikin. Ni na ce biyu. Da na tambayi Kawu kwanan baya ya ce uku, amma ina jin ya haɗa da ranar saran itace. Gwafar ta dogon yaro ce, tsayinta ya kai kafaɗata bayan an binne gindin. Mun haƙa ramin taki huɗu daga mazaunin Tsoho, ƙasar ta yi tauri har sai da muka zuba mata ruwa muka jira ta sha. Sandar gora ce, kamu takwas, muka ɗaure ta a cikin gwafar da igiyar rama, ba tamau ba, yadda za ta iya sunkuyawa ta ɗaga. Inna Hajo ta ba da wani ƙoƙo mai tsaga, tana mita cewa boko zai ƙarar mata da kayan ɗaki. A cikinsa wayar za ta kwanta, ya kare ta daga tartsatsi, idonta yana leƙe ta wata ƙaramar huda. Ina ƙoƙarin huda shi da wuƙa Tsoho ya fizge, ya gasa tsinken ƙarfe ya ɓula shi sau ɗaya, zagaye tsaf.

"Ba taimako nika yi ba," in ji shi. "Mugun aiki na ba ni son gani."

Muka yanka robar tayar babur siri-siri, muka ɗaure ƙoƙon a bakin gorar, muka bar madauri biyu na riƙe wayar. Saura nauyin baya. Tafkin gari ya bushe ya tsattsage, muka ɓanɓaro laka daga gindinsa, muka jiƙa ta da guga biyu da Inna Hajo ta rage daga ruwan girki, muka cuɗa da ƙaiƙayi. Kawu yana manna ta a gindin gorar dunƙule-dunƙule, ni ina gaba ina cewa ƙara, ƙara kaɗan, rage. Daga ƙarshe ta daidaita yadda in na jawo bakin da yatsa ɗaya zai sauko in latsa wayar, in na saki ya tashi a hankali ya tsaya a miƙe. Na ɗaura tsakuwa a zare na auna tsayinsa daga ƙasa, na yi ƙulli a wurin. Muka gwada kafin magariba. Tsoho ya ƙi kallo, saboda haka Inna Hajo ce shaida. Ta kai wayar kusa da hancinta ta daɗe tana dubawa.

"Hannu na, da uwar maƙera, da ƙahwar wando. Ba huska. An hutar da mutane."

Ban taɓa jin kaina gwani kamar a wannan yamma ba.

Da safe sama ta tashi da nauyi, ba iska ko kaɗan, gumi yana tsattsafowa tun rana ba ta fito ba. Kawu ya hura wuta har gawayin ya koma fari. Na jawo bakin jigon na latsa, na saki. Zaren awo yana aljihuna, na kai hannu za ni ciro shi Tsoho ya ce, "Ƙarhe ba shi jiran boko, kauce." Na kauce. Fuskar wayar rufi take kallo, saboda haka ba mai ganin abin da take ɗauka. Na zauna a gefe ina sauraren numfashin zugazugi da ƙarar guduma. Galma huɗu ya haɗa a safiyar. Sau biyu ko uku na ji wani abu ya faɗi a bayan rumfa, na ɗauka kaji ne.

Da aka kashe wuta na zagaya, sai na ga ɓaraguzan laka a gindin gwafa. Curin ya bushe ya tsage, gefensa ya zube. A nan na gane kuskurenmu. Da ɗanyar laka muka daidaita nauyin. A lambu ba wanda ya damu da wannan, domin hannun mutum ne ke riƙe da jigo, in ya yi sauƙi a ƙara masa laka a ci gaba. Mu kuwa mun bar shi ya tsaya da kansa, a zafin da ke busar da riga kafin a gama shanya ta. Lakar tana bushewa tana zubewa, bakin gorar yana sunkuyawa kaɗan-kaɗan, idon wayar yana juyawa baya wajen wanda ke zaune a ƙarƙashinta.

Na tafi bayan gida gindin tsamiya ni kaɗai na kunna. Galmar farko ta fito yadda nake so: hannaye biyu masu jijiya, awartaki riƙe da jan ƙarfe, yashi yana narkewa kamar mai. A ta biyu na fara ganin ƙirjinsa, sannan gemu, sannan baki. A ta uku da ta huɗu fuskar ce gaba ɗaya.

Na kai yatsa za ni tsayar, sai na lura da wani abu. Daga lokacin da ya barbaɗa yashi ya mayar da ƙarfen cikin wuta, Tsoho ba ya kallon wutar. Idonsa a rufe yake. Leɓensa ne ke motsi, ya yi ɗan gyaɗa kai, ya sake farawa. Na ƙirga gyaɗawar a galma ta uku: bakwai, sai hannu ya fizgo ƙarfen. Na mayar baya na ƙirga a galma ta biyu, bakwai. A ta huɗu, bakwai. Abin da Kawu ya shekara talatin yana nema a hannu, ashe a baki yake, a wurin da kunya ta hana shi kallo.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Ina iya kiran Kawu in nuna masa, in goge, ba wanda zai sani. Ina ma iya gogewa yanzu, in raɗa masa cewa ya karanta wani abu sau bakwai. Amma ban san abin da ake karantawa ba, kuma ko na sani, ta hanyar da aka hana ni na samo shi. Ina cikin haka Kawu ya zagayo, kamar mai neman akuya.

"Ta kama?"

"Ta kama, Kawu. Amma sai na ga Tsoho."

Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya juya, na ga yadda kafaɗunsa suka sauka.

Bayan la'asar na sami Tsoho a zaure yana jan carbi. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga lakar har zuwa gemun. Ban yi wasa ba, shi ma bai yi ba.

"Wa yag gani?"

"Ni kaɗai."

"Mi kag gani?"

"Na ga kana ruhe ido, bakinka na motsi."

"Salati nika yi. Mutum shi zauna gaban wuta baki wofi?"

"Sau bakwai kaka yi, Tsoho, sannan ka ciro. Kowace galma bakwai."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Wa yac ce bakwai?"

"Na ƙirga. Sau uku nim maida baya."

"Ni ban taɓa ƙirgawa ba," in ji shi a hankali. "Haka nig ga ubana na yi, nid ɗauka ibada ta." Sannan ya tambaya, "Wancan na yas sa ka?"

Kawu ya ce kada in faɗa, ni kuma ba za ni yi ƙarya ba, saboda haka na sunkuyar da kai. Wannan ya ishe shi amsa. Na ce akwai yadda ake yanke wurin fuskar a bar hannun.

"Dut munka ce. Goge."

Na goge a gabansa, na miƙa masa wayar ya shafa da yatsa kamar zai ji ko akwai saura. Ya mayar mini da ita, ya koma kan carbinsa. An sha ruwa a ranar ba tsokana, ba dariya. Inna Hajo ta ajiye mini kunu ta ce ƙasa-ƙasa, "Sha, maigida. Ka yi abin da ad daidai, saura nashi na." Kawu bai fito daga sashensa ba.

Washegari hadarin bai jira la'asar ba, tun asuba yake tsaye a gabas, baƙi ƙirin, ana jin ƙamshin ruwan da ya sauka a wani gari. Na je maƙera don in kwance jigon. Na tarar Kawu ya zuba gawayi, yana tsaye a gefe, domin Tsoho ya riga shi zama a bakin zugazugi, wurin da ban taɓa ganinsa ba.

"Ɗan boko," in ji Tsoho, idonsa a kan wuta, yana nuna mazauninsa na gaban uwar maƙera da hannu, "gaya wa wancan wurin ga ba kowa."

Ban maimaita ba, ba buƙata. Kawu ya zagaya ya zauna a gaban uwar maƙera, a kan buzun da ya ɗauki siffar zaman mahaifinsa. Ya ɗora ƙarfen a bakin galma, ya gasa, ya barbaɗa yashi, ya mayar. Sai Tsoho ya fara zuga, ya kuma ɗaga murya da salati, a fili, kowane ɗaya yana tafiya daidai da hawa da saukar hannunsa. Ina ƙirgawa a zuci. Ya kai bakwai ya yi shiru. Kawu ya leƙa wutar, ya yi jim yana son idonsa ya tabbatar masa, sannan ya ciro. Ƙarfen ya fito yana tartsatsi, bugu biyu gefensa ya marmashe.

"Gaya mai shi bar kallo," in ji Tsoho. "Ni da ba ni gani, mi nika kallo? Shi saurara."

Aka ɗauko wata galmar. Gumi yana ɗiga daga haɓar Kawu yana yin cuu a kan ƙarfe. Yashi, wuta, salati. A wannan karon na ga ya runtse ido. Kalmar ƙarshe ta bakwai ba ta gama fita ba ya fizgo, ya ɗora, ya shiga bugu da sauri, ƙanana-ƙanana daga tsakiya zuwa gefe. Ya tsoma a ruwa, tururi ya tashi. Ya ajiye galmar a ƙasa tsakaninsu, domin ba ya miƙa wa mahaifinsa abu hannu da hannu. Ni na ɗauka na miƙa.

Tsoho ya bi bakin da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, sau biyu. Ya riƙe ta da yatsa biyu ya ƙwanƙwasa da awartaki. Ƙarar ta fito siririya, doguwa, ba tsaga a cikinta. Ya ɗaga ta ya maka a kan uwar maƙera da iyakar ƙarfinsa, har na tsorata. Bakin bai motsa ba.

Ya jefa ta gefe, ya mayar da hannu kan zugazugi.

"Gaya mai ta yi. Akwai goma sha ɗaya bayan ƙyaure, masu su na jira. Shi bar zama."

Shida suka gama kafin iska ta taso da yayyafi, kowa ya ruga neman sungumi da ƙwaryar iri. Sauran biyar ɗin Kawu ya ƙarasa su bayan shuka, shi kaɗai a gaban uwar maƙera, ni ina yi masa zuga.